Naira dubu 85 ce a hannuna: audugar mata zan saya wa ɗalibaina, ko ta wanki zan ɗinka musu?

Malamar Lissafi, yankin Suru

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon bayanin, don in ban faɗi yadda abin yake ba, shawarar da za a ba ni ba za ta zauna daidai ba.

Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye da ke yankin Suru, nan Kebbi. Mu tara ne malamai, ni kaɗai ce mace. Rajistar 'yan aji biyu tana hannuna, ni ke kiran suna kowace safiya. Tun zangon da ya wuce na lura wasu 'yan mata kan ɓace kwana uku ko huɗu, su dawo, bayan wata guda su sake ɓacewa. Da farko na ɗora laifin a kan gona, tunda nan shinkafa ake yi, lokacin dashe da lokacin yanka aji kan zama wayam. Na kuma zargi talla ranar kasuwa. Sai da na zauna da jan biro na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, na ga ba ruwansu da fadama, ba ruwansu da kasuwa. Kowace yarinya da nata lokacin. Cikin 'yan mata 31, goma sha biyu haka rajistarsu take.

Amma ba rajistar ce ta tayar min da hankali ba. Wata Talata ce na kira wata yarinya ta fito allo ta yi mana lissafi. Yarinya mai ƙoƙari, kullum ita ke fara ɗaga hannu. Ta ƙi tashi. Na sake kiranta, ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa a gaban 'yan aji, har na ce ta fara girman kai. Aka tashi tara, kowa ya fita, tana zaune. Aka tashi gida, tana zaune. Da na koma ajin ɗaukar jakata, sai na same ta durƙushe tana goge benci da takardar da ta yago daga littafinta na lissafi, hawaye na zuba, ba ta ko sheshsheƙa don kada a ji. Wandon makarantarta ya ɓaci har gwiwa. Na cire mayafina na ɗaura mata, na raka ta har bakin unguwarsu. Wallahi har yau in na tuna faɗan nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Ranar Asabar na je gidansu na gaida mahaifiyarta. Ita ta buɗe min ido. Kunzugu yarinyar take yi da tsohon zane da aka yayyaga, kuma ba ta da kamfai ko ɗaya, da igiya take ɗaure shi a ƙugu. Daga unguwarsu zuwa makaranta tafiyar minti arba'in ce a ƙasa, kafin ta isa tsumman ya goce. In ta wanke, ba ta isa ta shanya a igiyar tsakar gida ba, ga yayye maza, ga baba yana shiga yana fita, kuma kakarta ta ce in mai mugun nufi ya samu tsumman zai iya yi mata asiri ta rasa haihuwa. Saboda haka a bayan gado take rataye shi, ta lulluɓe da wani zane. Da danshinsa take sake amfani da shi. Ta ce abin da yarinyar ta fi tsoro ma ba ɓacin kaya ba ne, kada wadda ke kusa da ita a benci ta ji ƙarni.

Na tambayi uwar batun audugar mata. Ta ce ta san ta, ana sayarwa a kemis a Dakingari, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidan da ake auna mudu ɗaya a raba dare da rana ba ya tunanin auduga. Ta ce: "Malama, da wane baki ɗiya za ta ce wa ubanta ya ba ta kuɗin wannan abu?"

Ita kanta makarantar tamu, masai biyu ne, na mata ƙyaurensa ya cire tun kafin a kawo ni, kuma a gefensa maza ke buga ƙwallo. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace. Ko da yarinya ta zo da abin canji a jakarta, ina za ta canza?

To, na ɗauki adashina naira dubu 60, yayata da ke Birnin Kebbi ta ƙara min dubu 25. Dubu 85 ke nan. In na sayi audugar kanti na raba, na san wata biyu ko uku ta ƙare, kuma ba ni da wani adashin. In na ɗinka ta wanki, ina jin tsoron ita ma a bayan gado za ta ƙare, da danshi. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki, don Allah me kuka gani?

Telar Mata, Jega

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ladan wannan niyya. Ni tela ce, shekarata goma sha huɗu a kan keke, kuma na ɗinka irin wannan wa ɗiyana uku da 'yan makwabta.

Ki fara da kamfai. Wannan shi ne abin da masu rabo suke mantawa. Ko audugar kanti ce, a jikin kamfai ake manna ta, in babu shi kin ba yarinya abin da ba za ta iya sawa ba, kuma kunya ba za ta bari ta faɗa miki ba. Nan kasuwar Jega dozin-dozin ake sayarwa. Ki zaɓi na auduga, baƙi ko ruwan ƙasa, kowace yarinya biyu.

Game da shanyar da kike tsoro, akwai dabara. Kada ki ɗinka mai kauri guda ɗaya mai siffar audugar kanti. Wannan yana daɗewa bai bushe ba, kuma duk wanda ya gan shi a igiya ya san ko mene ne. Ki yi shi gida biyu. Na farko uwar: tsawonta taƙi ɗaya da ɗan ƙari, da fukafukai biyu masu maɓallin dannawa da za su rungume kamfai, a ƙasanta a sa makintosh irin wanda ake shimfiɗa wa jarirai, a samanta a ɗinka 'yan madauri biyu, gaba da baya. Na biyu ƙyallen: yadin auduga mai laushi, a yanka shi murabba'i kamar hankici, a dalmashe bakinsa. Shi ake ninkewa uku a soka cikin madaurin. Ranar da jini ya yi yawa a haɗa biyu. In an wanke aka buɗe shi a igiya, hankici ne kawai, ba mai kallonsa sau biyu, kuma rana ɗaya ta Kebbi kafin azahar ya bushe ƙarau. Uwa biyu da ƙyalle shida sun ishi yarinya, in ta kula da su za su kai ta shekara, har su wuce.

Ban da leshi, ban da shadda, ban da duk wani yadi mai santsi, ba sa shan ruwa. Sabon yadi kuma a wanke shi tukuna sitacin ya fita. Ki haɗa da 'yar jaka mai leda a ciki, wadda za ta sa wanda ta cire har ta koma gida.

Shawarata ta ƙarshe, ki biya tela ya yi uwar kawai. Ƙyallen ki koya musu dalmasa da allura da zare. Wadda ta iya, ko kin bar garin ba za ta koma ɗaurin igiya ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Argungu

Abin da Hajiya tela ta faɗa daidai ne, bari in ƙara ta ɓangarenmu.

Tsumma ba shi ne matsala ba, iyayenmu da shi suka rayu. Danshi ne matsala. Ƙyallen da bai bushe ba shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje da saɓar cinya, kuma muna ganinsu a asibiti, sai abin ya yi tsanani ake kawo yarinya. Ki koya musu: a jiƙa da ruwan sanyi tukuna, don ruwan zafi kama jinin yake yi a jikin yadi, sannan a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. In akwai dutsen guga na gawayi a gidan, a goge. A riƙa canzawa duk bayan awa 4 zuwa 6, ta kanti ce ko ta wanki. Kuma ba a aro, ko tsakanin ya da ƙanwa.

Amma ban yarda ki zuba kuɗin duka a ta wanki ba. 'Yan aji biyu yawancinsu yanzu suka fara, kuma a shekarun farko al'ada ba ta da tsayayyen lokaci, tana iya zuwa wa yarinya tana tsakiyar darasi, kamar yadda ta yi wa ɗalibarki. Ki ajiye 'yan fakitoci na kanti a makaranta, da zane ɗaya da wandon makaranta ɗaya na ko-ta-kwana. Tunda lissafi kike koyarwa, ki sa kowace ta ware shafin ƙarshe na littafinta tana sa alama ranar da baƙon ya zo. Kwana 28 da ake faɗa matsakaici ne, a manya daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne, a 'yan mata sabbin farawa yakan fi haka tazara. Bayan wata uku ko huɗu za ta fara gane nata.

Ki kuma tambaye su ciwon mara. Wata ko kin ba ta auduga kwali guda ba za ta zo ba, tana kwance tana murƙususu. Ruwan ɗumi a gora a ɗora a mara yana taimakawa. Farasitamol ma haka. Ibuprofen ya fi aiki a kan wannan ciwon, amma bayan an ci abinci, kuma ban da mai gyambon ciki. Kada ke ki zama mai raba magani, ki haɗa su da ma'aikaciyar lafiyar da ta fi kusa da ku.

Waɗanda dole a kawo mana: wadda jininta ke wuce kwana 7, wadda ke jiƙa ƙyalle duk awa ɗaya ko biyu, wadda ke jin jiri, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Ƙarancin jini ke nan, kuma yarinyar da ke fama da shi ko ta zo aji barci take yi. Zogale, wake, kifi, hanta in an samu, duk suna taimakawa.

Abu ɗaya kuma da ya shafi mu mutanen bakin gulbi: tsargiya. Yaran da ke shiga ruwan fadama suna kamuwa da ita, jini ya riƙa fita a ƙarshen fitsari. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da aka ce ta fara al'ada, har an hana ta salla, ashe tsargiya ce. Tana da magani, praziquantel. In yarinya ta ce miki jininta ba ya ɗaukewa, ki tambaye ta ko lokacin fitsari ne kawai take gani.

Uwar 'Yan Mata, Gusau

Ku yi haƙuri in shigo, don ni na ga wani gefen. Ta wanki sai inda ruwa yake. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, muna zaune a Gusau, mu tara a ɗaki ɗaya. Ruwa wurin 'yan garuwa muke saye, jarka-jarka. An taɓa raba mana irin wannan ta wankin, mai kyau kuwa, har da jakarta. Ɗiyata ta yi amfani da ita wata biyu ta ajiye. Ruwan da za a dafa abinci da shi, a yi alwala, shi za ta ɗiba ta yi ɗauraya uku? Gidan kuma haya ne, igiya ɗaya ce ta mutum ashirin.

Ba ina kashe miki gwiwa ba ne, Malama. Ku kuna kusa da fadama, wataƙila naku da sauƙi. Amma ki tambayi kowace yarinya daga ina gidansu ke samun ruwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Kuma sabulu. Mu an ba mu sanda ɗaya, da ta ƙare shi ke nan. Wanda ya ba da ta wanki bai sa lissafin sabulu ba, rabin aiki ya yi.

Malamin Islamiyya, Gwandu

Assalamu alaikum. Na ga mata ne ke ta magana, na yi jinkirin sa baki, amma maganar mahaifiyar nan ce ta hana ni shiru, da ta ce da wane baki ɗiya za ta tambayi ubanta. Ni uba ne, 'ya'yana mata huɗu. Laifin nan namu ne. Ciyarwa da tufatarwa a wuyan uba suke, kuma wannan yana cikin tufatarwa. Ni abin da nake yi, duk wata in na ba uwarsu kuɗin cefane, sai in ware wani abu in ce wannan na buƙatun yara mata ne. Ban taɓa ambatar sunan abin ba, ita ma ba ta taɓa ba, amma kowa ya gane, kuma ba wadda ta sha kunyar roƙo.

Abin mamaki, a Islamiyya muna karantar da babin haila tun daga Ahalari. Yarinya ta haddace cewa mai haila ba ta salla, ba ta azumi, tana rama azumi ba ta rama salla. Amma yadda za ta tsare jikinta a waɗannan kwanaki, ba mai gaya mata. Alhali a Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce wa Nana A'isha ta miƙo masa 'yar tabarmar salla daga masallaci, ta ce tana haila, ya ce mata hailarta ba a hannunta take ba. Mata sun tambaye shi yadda za a yi da jinin da ya taɓa tufafi, ya koya musu a kankare, a murza da ruwa, a wanke, a yi salla da shi. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Jinin nan najasa ce da ruwa ke gusarwa. Haila ta ɗauke wa yarinya salla, ba ta ɗauke mata zuwa aji ba.

Batun asiri kuwa, kada ki yi gardama da kakar, ba za ki ci riba ba. Ki nemi tsohuwar da mata ke jin maganarta a garin, malamar da ke musu karatu ko uwargidan mai gari, ita ta faɗa da bakinta. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu da jajis ɗinta na 'Yan Taru haka suka yi, dattijai mata suka riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye, har cikin ɗakunan da namiji ba ya shiga.

Ƙyaure kuma, 'yar'uwa, kada ki taɓa kuɗinki. Ki samu liman ki gaya masa masan 'ya'yansu mata ba shi da ƙofa, a gefen filin ƙwallo. Wannan magana ce ta sutura, ba uban da zai ji ta ya yi barci.

Ɗan Birnin Kebbi

Ƙari a kan maganar Malam. Kafin ki kashe ko sisi a gyaran masai ko famfo, ki tambayi shugaban makarantarku da shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen gari mai kula da makaranta, ko makarantar tana cikin shirin AGILE. Shiri ne na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko, Zamfara ta shiga daga baya. Yana ba makarantu kuɗin gyara ta hannun wannan kwamiti, kuma ban-ɗaki da ruwa suna cikin abin da ake yi da kuɗin. In kuna ciki, ki nemi a sa ƙofar da famfon a rubuce cikin tsarin gyaran makaranta. Ki je taron da iyaye mata biyu ko uku, kada ki je ke kaɗai.

Ni abin da ke damuna, bai kamata adashin malama ya zama shi ne madogara ba. Dokar kuɗi da aka sa wa hannu a farkon 2020 ta cire harajin VAT daga audugar mata da ake yi a cikin gida, amma tsadar kaya ta haɗiye wannan sauƙin. Kenya ta cire haraji a kanta tun 2004, a 2017 kuma ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnati raba ta kyauta ga 'yan matan makarantun gwamnati. Mu nan sai ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, a je makarantun cikin gari a raba fakiti ɗai-ɗai. Rajistar nan taki da jan biro hujja ce. Ki kwafe ta ba tare da sunayen yaran ba, ki kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Malamar Lissafi, yankin Suru

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana biyu don ina son in dawo da labari, yau sati biyar ke nan.

Malam, na bi shawararka. Na aika mijina wurin liman, ranar Juma'a aka yi maganar bayan salla, ranar Lahadi wani kafinta cikin iyayen yara ya zo da langa-langa da katako ya kafa ƙyaure, har da sakata ta ciki. Ko kwabo bai karɓa ba. Famfon yana nan yadda yake, shugaban makaranta ya ce zai kai maganar kwamiti. Na sayi babbar roba mai murfi da buta biyu na ajiye a cikin masan.

Kuɗin kuma ga yadda na yi da su: kamfai bibbiyu ga duka 'yan mata 31, don kada a gane su wa ake nufi. Yadi da makintosh, wani tela a Dakingari ya yi uwar bisa kwatancen Hajiya. Fakiti takwas na kanti suna cikin akwatina a ofis. Ragowar na sayi sabulu, na yanka ƙanana, ina bayarwa wata-wata kamar yadda Yaya ta Gusau ta ja hankalina. Na tambaye su batun ruwa, biyar sun ce da bazara sai sun yi tafiya mai nisa, su zan fi ba ta kanti idan lokacin ya zo.

Ranar Alhamis muka taru da iyaye mata a gidan mai gari, uwargidansa ce ta yi magana, ni ina gefe. Kakar yarinyar nan ta zo. Ta karɓi ƙyallen ta jujjuya shi, ta buɗe, ta ninke, ta ce wannan ai hankici ne. Ba ta ce ta yarda ba, amma da za ta tafi ta sa shi a bakin zanenta. Ita yarinyar, wannan watan kwana ɗaya ta yi fashi, ta ce mara ce.

Yanzu ga abin da ya rage min. Robar nan sai an cika ta kullum, yaran ke ɗebowa daga rijiyar masallaci bi da bi, kuma maza sun fara shan ruwan in sun gama ƙwallo. Na biyu ya fi damuna. Ina da juna biyu, nan da wata biyu in Allah ya yarda zan tafi hutun haihuwa, kuma na faɗa muku ni kaɗai ce mace. Ba yarinyar da za ta tunkari malami namiji ta ce ya buɗe mata akwati. Ina tunanin in damƙa makullin ga ɗaya daga cikin manyan 'yan aji uku, ko ga matar da ke sayar da ƙosai a bakin makaranta, don ita kullum tana nan kuma yaran sun saba da ita. Wanne kuke ganin ya fi?